Ƙasar da ta sayar da fasfonta, kuɗin kuma suka yi ɓatan dabo

Ranar 28 ga Nuwamba 2022 wata kotu a Moroni, babban birnin tsibiran Komoros, ta yanke wa tsohon shugaban ƙasar, Ahmed Abdallah Sambi, hukuncin ɗaurin rai da rai. Laifin da aka ɗora masa shi ne cin amanar ƙasa ta hanyar sayar da fasfo ga baƙi. Da labarin ya iso zangunanmu, mutane sun rabu biyu. Waɗanda suka ga hotonsa da rawani da alkyabba suka ce an zalunci malami. Wasu kuma suka ce madalla, ga Afirka ta fara ɗaure manyan ɓarayinta. Ni dai tun lokacin ina ganin duka ɓangarorin sun tsallake tambayar da ta fi kowace muhimmanci: ina kuɗin? An kama mutum, an ɗaure shi, an rufe shari'a, amma talakan Komoros bai samu wanda ya zauna ya karanta masa lissafi ba.

Bari in fara da ƙasar kanta, don da yawanmu sai dai a gasar ƙwallon Afirka muka san ta, lokacin da ta ci Black Stars 3 da 2 a Garwa cikin Janairun 2022 ta koro mu gida. Komoros tsibirai uku ne a tekun Indiya, tsakanin Mozambik da Madagaska: Ngazija, Anjuwan da Moheli. Akwai na huɗu, Mayot, wanda ya zaɓi zama ƙarƙashin Faransa lokacin da sauran suka karɓi 'yanci a 1975. Mutanen ƙasar ba su kai miliyan ɗaya ba, wato Kumasi kaɗai ta fi su yawa. Kusan dukkansu Musulmi ne, 'yan mazhabar Shafi'iyya. Abin da suke fitarwa waje shi ne kanumfari da banila da wani fure da ake turare da shi, sai kuma kuɗin da 'ya'yansu mazauna Faransa, musamman birnin Marsei, suke aikowa gida. Tun samun 'yanci an yi juyin mulki ko yunƙurinsa fiye da sau 20, wasu ma da hannun sojan haya Bafaranshe, Bob Denard.

A irin wannan ƙasa Sambi ya ci zaɓe a 2006. Ɗan Anjuwan ne, ɗan kasuwa, mai wa'azi, ya yi karatun addini a ƙasashen waje har da Iran, shi ya sa ake masa laƙabi da Ayatullah. Ya yi yaƙin neman zaɓe da alkawarin kawar da cin hanci da samar wa talaka gida da aiki. Jama'a suka ce to, ga mai tsoron Allah ya zo.

Can kuma a ƙasashen Larabawa na Gulf akwai wasu mutane da ake kira Bidun, daga kalmar Larabci mai nufin "ba tare da", wato marasa ƙasa. A can aka haife su, a can aka haifi iyayensu, amma lokacin da ake rajistar 'yan ƙasa kakanninsu ba su shiga ba, wasu saboda suna daji da raƙumansu, wasu saboda ba su ga amfanin takarda ba. A Kuwait kaɗai ana ƙiyasta sun kai 100,000. Ba takardar haihuwa cikin sauƙi, ba ta aure, ba aikin gwamnati, makaranta da asibiti ma sai da wahala. Gwamnatocin can ba sa son ba su 'yancin zama 'yan ƙasa, don ɗan ƙasa a Gulf yana da rabo cikin arzikin mai. Amma kuma surutun ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ya dame su.

Sai dillali ya shigo. Sunansa Bashar Kiwan, ɗan kasuwa ɗan asalin Siriya mai takardun Faransa, mai harkar jaridun talla a Kuwait. Dabararsa mai sauƙi ce: ga ƙasa matalauciya mai fasfo, ga attajirai masu mutanen da ba su da fasfo, a haɗa su kowa ya huta. Aka shirya cewa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa za ta biya dala miliyan 200, Komoros kuma ta ba iyalai 4,000 na Bidun takardar zama 'yan ƙasarta. Aka gaya wa mutanen Komoros cewa mafi yawan kuɗin za su tafi ga hanyoyi da ruwa da lantarki. Aka lilliƙa zane-zanen otal-otal da tashar jiragen ruwa da za a gina, kai ka ce Dubai za ta ƙaura zuwa Moroni.

A nan akwai abin da ya kamata a yaba wa majalisar ƙasar: da aka fara kawo dokar a tsakiyar 2008, 'yan majalisa sun yi fatali da ita, suka ce ƙasa ba hajar kasuwa ba ce. Sai aka ɗebi wasunsu aka kai su ziyara ƙasashen Gulf. Da suka dawo, ra'ayi ya sauya. A Nuwamban shekarar aka zartar da dokar cikin hayaniya, shugaban majalisar da kansa yana adawa, 'yan adawa suna cewa ba a bi ƙa'ida ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake sauya wa wakili tunani da tikitin jirgi da ɗakin otal, a Accra ko Yawunde ko Njamena, ya san wannan fim ɗin.

Daga nan aka shiga buga fasfo. Wani kamfanin Beljiyam, Semlex, shi ke da kwangilar bugawa. Sambi ya sauka a 2011, mataimakinsa Ikililou Dhoinine ya hau, injin bai tsaya ba. Da majalisa ta kafa kwamitin bincike, rahoton da ya fito a 2018 ya nuna fasfo kusan 48,000 aka bayar. Dubbai daga ciki ba ta hanyar da doka ta tsara aka sayar ba, wasu 'yan sari ne a gefe suka yi cinikinsu. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya gano cewa Iraniyawa da dama sun sayi fasfon, har da masu harka a fannonin da Amurka ta ƙaƙaba wa takunkumi. A farkon 2018 gwamnati ta soke fasfo 170 da ta ce an ba da su ba bisa ƙa'ida ba. Rahoton ya ce aƙalla dala miliyan 100 ba a san inda suka shiga ba. Otal-otal ɗin da aka zana kuwa, a jikin takarda suka tsaya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a wannan labari ba satar ba ce. Sata kam an saba. Abin mamakin shi ne gwamnati sukutum ta kasa faɗin mutum nawa ta mayar 'yan ƙasarta, da nawa aka biya, da asusun da kuɗin suka faɗa. Mai shagon kanti a Aboabo yana da littafin bashi, ya san wa ya ɗauki gwangwanin madara bai biya ba. Mai adashi ta san wa ta kwasa, wa ta rage. Amma ƙasa mai tuta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya sai da ta jira kwamiti ya yi watanni yana tono kafin ta san adadin fasfonta da ke yawo a duniya. Wasu za su kira wannan sakaci ko rashin iya aiki. Ni ban yarda sakaci ne zalla ba. Inda babu littafi, babu wanda za a kama, kuma masu riƙe da biron sun fi kowa sanin haka. Rashin iya aikin ma wani lokaci da gangan ake renonsa.

Su kuma Bidun ɗin fa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Fasfon da aka ba su bai ba su damar jefa ƙuri'a a Komoros ba, ba a kuma shirya su je su zauna can ba. Mafi yawansu ba su taɓa taka tsibiran ba, ba sa jin yaren. Abin da takardar ta yi shi ne ta mayar da mutumin da aka haifa a Sharja ko Dubai baƙo a garin haihuwarsa, baƙon da za a iya kora. Haka kuwa aka yi wa Ahmed Abdul Khaleq, ɗan Bidun mai fafutukar haƙƙin mutanensa: an ba shi fasfon Komoros, a 2012 aka ɗora shi a jirgi zuwa Tailan, ƙasar da ba shi da kowa.

Wannan ɓangaren ne ya sa nake ganin labarin namu ne, mu 'yan zango. Dattawanmu ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Mutanen da aka haifa a nan, waɗanda kakanninsu suka zo fataucin goro tun kafin Bature ya ja iyaka, suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau motocin kaya. Har yau ɗan zango mai suna Abubakar ko Ramatu ya san irin tambayoyin da ake ƙara masa idan ya je neman Ghana Card ko fasfo: wace ƙabila, ina garinku na asali, kawo shaidar kakanka. To ka duba, a wuri ɗaya ana hana wanda ya cancanta takarda, a wani wurin ana sayar da ita ga wanda ya biya. Duk abu ɗaya ne: jami'in gwamnati ya ɗauki zama ɗan ƙasa a matsayin kayansa, ya ba wanda ya so, ya hana wanda ya so.

Yanzu maganar rawani. Na san akwai masu karatu da ransu zai sosu, amma sai an faɗa. Mu da muke 'yan tsiraru a ƙasashenmu muna da wata ɗabi'a: da zarar namu ya samu muƙami, ko an ga shugaba yana sallah a sahun gaba, sai mu ajiye tambaya. Wanda ya ce a kawo lissafi sai a ce yana tona asirin Musulmi a gaban waɗanda ba Musulmi ba. Na fahimci inda wannan ya samo asali, wanda aka daɗe ana rainawa ba ya son a ƙara ba maƙiyi abin faɗa. Amma ku dubi Komoros. Can babu wani rinjaye na wasu da za a ji kunya a gabansu. Shugaba Musulmi, majalisa Musulmi, dillali Musulmi, masu saye Musulmi, waɗanda aka cuta ta ɓangare biyu Musulmi. Addinin mutanen bai hana kuɗin ɓacewa ba, don ba a gina abin da zai hana ba. Kuma addinin namu bai ce a dogara da fuskar mutum ba. Duk ɗalibin hadisi ya san labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana ware wani kaso wai kyauta aka yi masa. Manzon Allah (SAW) bai rufe maganar a ɗaki ba, mumbari ya hau ya yi ta a bainar jama'a. Sahabi ne fa wannan, amma aka yi masa lissafi.

Ban ce Sambi ya ci kuɗin ba. Shi ya musanta, lauyoyinsa kuma sun ce ba a nuna asusu ko ɗaya da sunansa da kuɗin suka shiga ba. Abin da ba ya musantuwa shi ne a ƙarƙashinsa aka buɗe ƙofar, shi ya tura dokar ta ƙarfi bayan majalisa ta ƙi, shi ya jawo Kiwan jiki. Ko da bai taɓa sisi ba, wannan kaɗai ya isa a tsayar da shi ya yi bayani.

To amma wa ya tsayar da shi, kuma ta yaya? A nan ne masu murna da ɗaurin suke buƙatar su dakata. Wanda ke mulki lokacin shari'ar shi ne Azali Assoumani, tsohon kanar ɗin soja da ya fara hawa mulki ta juyin mulki a 1999. Ya dawo ta zaɓe a 2016, da goyon bayan jam'iyyar Sambi ma. Cikin watanninsa na farko ya rusa hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasar. A Afrilun 2018 ya dakatar da kotun tsarin mulki. A Yulin shekarar ya shirya ƙuri'ar raba gardama da ta sauya tsarin karɓa-karɓa, wanda tun 2001 yake zagaya shugabanci tsakanin tsibiran uku bayan wa'adi ɗaya. A tsohon tsarin, a 2021 mulki zai koma Anjuwan, tsibirin Sambi. Sambi ya dawo gida a Mayun 2018 ya soki shirin, cikin 'yan kwanaki aka yi masa ɗaurin talala. Ruwa ba ya tsami banza.

Ya shafe fiye da shekara huɗu a tsare ba a gurfanar da shi ba, alhali doka ta ƙayyade watanni ne kawai. Da aka tashi shari'ar, sai aka sauya tuhumar daga almubazzaranci zuwa cin amanar ƙasa, aka kai ta kotun tsaron ƙasa wadda ba a ɗaukaka ƙara kan hukuncinta. Sambi ya halarci zaman farko, ya ce bai amince da kotun ba, bai sake komawa ba. Mai gabatar da ƙara ya ambaci dala biliyan 1.8, adadin da ya fi duk abin da ƙasar take samarwa a shekara guda. Cikin kwanaki aka gama. Kiwan aka ba shi shekara 10 ba ya nan, tsohon mataimakin shugaban ƙasa Mohamed Ali Soilihi shekara 20, shi ma ba ya nan. Dhoinine kuwa, wanda aka ci gaba da buga fasfo shekara biyar a zamaninsa, ba ya cikin waɗanda aka yanke wa hukunci.

Ka ga, shari'ar gaskiya kan irin wannan badaƙala aiki ne mai gajiyarwa. Sai an kira ma'aikatan babban banki da na baitulmali, an baje takardun shigar kuɗi, an nemi Daular Larabawa ta faɗi nawa ta tura da ranar da ta tura da sunan wanda ya karɓa, an bi sawun kowane ɗan sari. Irin wannan shari'ar takan taɓa mutane da yawa, har da waɗanda ke kusa da mai mulki na yau. Shi ya sa ba a cika son ta ba. An fi son a kama mutum ɗaya mai suna, a ɗora masa komai, a rufe fayil. Wanda ya ci ya tsira, wanda ake tsoro a siyasa ya tafi, jama'a kuma a ce musu an yi adalci. Ni a wurina wannan ya fi rashin shari'ar muni, don yanzu duk wanda ya sake tambayar ina kuɗin fasfo za a ce masa ai an gama wannan maganar.

Kada wani ya ce wannan sai ƙananan tsibirai. A nan Gana mun ga yadda aka yi da babban mai binciken kuɗin gwamnati, Daniel Domelevo: a Yulin 2020 aka tura shi hutun dole, da ya dawo a Maris 2021 aka ce ya yi ritaya, har da tayar da maganar wai ɗan Togo ne. Ku lura da makamin da aka ɗauko, takardar zama ɗan ƙasa dai. Sai a 2023 Kotun Ƙoli ta ce tura shi hutun ya saɓa wa tsarin mulki, lokacin aikin gama ya gama. Bambancinmu da Komoros shi ne mu kotun tana nan har ta iya faɗin haka, jaridu suna nan, rahoton mai binciken kuɗi yana fita duk shekara kowa na iya karantawa. Mu nawa ne a zango muke karantawa? An kafa Asusun Raya Zango a 2017 da sunanmu. Ana karɓar kuɗin aikin Hajji daga hannun tsofaffinmu duk shekara. Ban zargi kowa da komai ba, amma neman a nuna nawa ya shigo da nawa ya fita haƙƙinmu ne, kuma bai kamata a kalli mai tambayar kamar ya zagi limami ba. Sarakunan zango da limamai da ake gayyata buɗe ayyuka su ne suka fi kowa damar yin tambayar, don su ake zaunarwa a kujerar gaba.

Su kuma mutanen Komoros, ga abin da ɓatan kuɗin nan yake nufi a rayuwarsu. Wutar lantarki tana ɗaukewa sa'o'i, ma'aikata sun sha bin gwamnati bashin albashi na watanni, asibitoci ba kayan aiki. Daga Anjuwan zuwa Mayot kilomita 70 ne kacal, kuma tun 1995 Faransa ta sa biza tsakaninsu. Don haka mai ciki da ke son haihuwa a asibiti mai magani, da saurayin da ya gaji da zaman banza, sukan shiga ƙananan kwale-kwalen da ake kira kwasa-kwasa cikin dare. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta mutum 7,000 zuwa 10,000 ne suka mutu a wannan mashigin tun 1995. A shekarun da ake buga wa baƙi fasfon Komoros dubu-dubu, masu fasfon na asali suna nutsewa a teku don gudun ƙasar.

Azali ya riƙe shugabancin Tarayyar Afirka a 2023, ana ta ɗaukarsa hoto da manyan duniya. A Janairun 2024 aka ce ya sake lashe zaɓe. Hukumar zaɓe ta fara sanar da cewa kashi 16 cikin 100 na masu rajista ne suka fito, daga baya Kotun Ƙoli ta ce a'a, sun haura kashi 56. Aka yi zanga-zanga a Moroni, aka sa dokar hana fita, aka katse intanet. Bayan 'yan watanni ya naɗa ɗansa, Nour El Fath, babban sakataren gwamnati, ya kuma ba shi ikon sa ido kan ayyukan ministoci.